Zauren Uwa da Ɗa: Zan Buɗe Gidan Raino, Me Zan Fara Saya?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan zaure. Wasiƙun wannan wata sun karkata wuri guda, wato karɓar rainon jarirai a gida, sana'ar da ke ta bunƙasa a birane tun da mata suka yawaita a aikin asibiti da koyarwa da banki, kakanni kuma suna can garinsu. Na zaɓo biyar daga ciki. Masu tambaya a kan yaye da kaciya ku yi mini uzuri, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Anti, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni matar aure ce a Tudun Wadar Kaduna, 'ya'yana uku, autan ya shiga firamare. Muna da ɗaki guda da ba kowa a ciki, maigida kuma ya amince in fara karɓar raino. Mata shida sun riga sun yi mini magana, ma'aikatan asibiti ne da malaman makaranta, jariransu daga ɗan wata uku zuwa ɗan wata goma. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi. Na duba a waya na ga jerin kaya har kaina ya ɗau zafi: gado, lilo, keken koyon tafiya, kujerar cin abinci, na'urar dafa fida, har da kyamara. Wanne zan fara saya?

AMSA: 'Yata, Allah ya sanya albarka a niyyarki, ya saka wa maigida da alheri. Amma kafin mu shiga kasuwa, tsaya mu yi maganar shidan nan. Ba za ki iya ba, kuma ba raina ki na yi ba. Ki ƙaddara wuta ta tashi a gidan, Allah ya tsare: nawa za ki iya fita da su a tashi ɗaya? Ɗaya a baya, ɗaya a kowane hannu. To iyakarki ke nan, ukun ma sai mai ƙarfin hali. A Ingila, mai raino a cikin gidanta ba a yarda ta riƙe ɗan ƙasa da shekara fiye da ɗaya ba, sai da dalili irin na tagwaye, a manyan gidajen raino kuwa babba ɗaya ne ga yara uku 'yan ƙasa da shekara biyu. Ki fara da biyu ko uku. In kina son shidan, kuɗin farko da za ki ware daga adashin nan na albashin mataimakiya ne, kuma babbar mace nake nufi, ba yarinya 'yar shekara goma da aka ɗauko daga ƙauye ba, wadda ita kanta raino take bukata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai wurin barci. Nan ne ya kamata mafi yawan kuɗinki ya tafi, domin jariri ɗan wata uku ko huɗu rabin yininsa a wurinki barci zai yi, kuma hatsarin da ya fi girma a sana'ar nan a cikin barci yake zuwa, ba tare da ko kuka ba. Kowane jariri da gadonsa. Kada ki jera uku a kan katifarki ta aure ki tokare su da filo, ko da kuwa haka aka yi mana mu ma muna jarirai.

Ba sai kin sayi na kanti ba. Kafinta mai hankali zai yi miki, amma ki tafi da tef ɗin tela a jakarki, ki tsaya a kansa. Tazarar da ke tsakanin sanda da sanda kada ta wuce santimita 6. Kafintoci da inci suke aiki, sai ki ce masa inci biyu da kwata, in ya gama ki sa tef ki auna kowane gurbi da kanki, domin don tsimin katako sukan buɗa tazarar. Dalilin awon shi ne, jikin jariri na iya zurarewa ta inda kansa ba zai wuce ba, sai ya rataye. Tsayin shingen daga inda katifa ke zama ya kai inci 26, don wanda ya fara miƙewa kada ya tsallako. Ki shafa tafin hannunki ko'ina, inda kika ji ƙusa ko sartse a gyara. Ki hana shi yin kwalliyar nan ta ƙulli a kan ƙafafun gado, riga na iya saƙalewa. Fenti kuwa, in ba ki tabbatar da irinsa ba gara a bar katakon haka a goge shi sumul, domin ranar da haƙori ya fara tsirowa gefen gadon nan za su ci.

Katifa mai tauri, ba soso mai lotsawa ba. Ki danna ta da dunƙulen hannu, in kin ɗaga ta dawo nan take, ta yi. In shatin hannunki ya zauna, shatin fuskar jariri ma zai zauna. A yanka ta daidai cikin gadon, yadda yatsu fiye da biyu ba za su shiga tsakaninta da katako ba. A lulluɓe ta da roba mai goguwa, a sa zanen gado mai roba a bakinsa wanda zai kama ta tsam. Bayan wannan, babu abin da zai shiga gadon sai jaririn kansa: ba filo, ba bargo mai gashi, ba 'yar tsana, ba fida da aka tokara masa a baki.

Kuma a rigingine za ki kwantar da shi, kowane barci, ko na minti goma ne. Na san abin da za ki ce, domin kowace uwa ta faɗa mini: in ya yi tumbuɗi fa, ba zai shaƙe ba? A rigingine hanyar iska ce a sama, hanyar abinci a ƙasanta, abin da ya taso sai ya koma inda ya fito. A rub da ciki ne tumbuɗin ke taruwa a bakin hanyar iska. Likitocin yara na Amurka sun fara ba da wannan shawara a 1992, aka yi gangami a kanta daga 1994, kuma mutuwar jarirai ta farat ɗaya cikin barci ta ragu da fiye da rabi a can. Akwai abin da ya shafe ki kai tsaye: jaririn da ya saba kwanciya a rigingine a gidansu, ranar da mai raino ta kifa shi don ya fi yin barci mai nauyi, hatsarinsa ya fi na kowa. Wanda ya iya juyawa da kansa gaba da baya, ki kwantar da shi a rigingine, in ya juya ki ƙyale shi.

Gidan sauro mai magani ga kowane gado, a ɗaure shi sama a cusa bakinsa da kyau, kada ya yi lilo a kan fuskar yaro, igiyarsa kuma ta yi nesa da hannunsa. Taga a sa mata raga. Fanka mai caji guda, ko ta sola in da hali, saboda watan Maris da Afrilu, a kafa ta tana kaɗa ɗakin, ba a saita ta a kan jariri ba.

Ƙasan ɗaki kuwa, cire kafet. Fitsari da tumbuɗi da ƙura duk yana shanye su, ba ya fitarwa. Ledar ɗaki a kan siminti ta fi, a goge ta safe da yamma, a shimfiɗa tabarmar roba mai faɗi a kai. A nan za su yi wasa, a nan za ki kifa ƙananan na ɗan lokaci idonsu biyu kina zaune kusa, don wuya da kafaɗa su yi ƙwari. A nan kuma za ki riƙa canza musu famfas. Teburin canji da kika gani a waya bar shi, ba wanda ya taɓa faɗowa daga ƙasa. Ki ware kusurwa guda, nesa da inda ake abinci, da 'yar shimfiɗar roba da za ki goge da ruwan bilic bayan kowane yaro, da bokiti mai murfi na ƙazanta. Kusa da wurin ki kafa irin bokitin nan mai famfo da aka yi yayi lokacin korona, da sabulu, da baho a ƙasa da za ki riƙa zubarwa nan da nan. Gudawa a gidan raino ta hannun mai raino take yawo daga yaro zuwa yaro, kuma in ruwan wanke hannu yana can bakin rijiya, wallahi rana ba za ta yi tsaka ba kin fara cewa bari in gama da wannan tukuna.

Tawul, soso, kofi, cokali, man shafawa, kowa da nasa. Abin da nake yi shi ne in ba kowane yaro launi: mai ja komai nasa da jan zare ko jan tef, mai shuɗi haka, har kwandon kayansa. Ko mataimakiyar da ba ta iya karatu ba ba za ta rikice ba.

Sannan a sa miki ɗan gajeren ƙyaure a ƙofar ɗakin, mai kai wa ƙugu, mai sakata ta waje, don mai rarrafe kada ya bi ki tsakar gida. Tsakar gidanmu cike take da abin da ke kashe mai rarrafe: murhu, tukunyar ruwan zafi, kalanzir a gorar lemo, rijiya, bokitin wanki. Jariri nauyin kansa yana rinjayar jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba zai iya fitowa ba, ko da ruwan bai kai tsayin yatsa ba. Rijiya murfi da kwaɗo, bokiti a kife. Soket na ƙasa a toshe, wayar caji a ɗage.

Kayan wasa kada su ci miki kuɗi. Kofunan roba masu shiga juna, cokalin katako, ƙwallo mai girma, kwano da murfinsa, sun ishe su. Gwajin guda ne: duk abin da zai shige ta cikin kwalin tsakiyar tishu, zai shige maƙogwaro. Ki kula musamman da kayan wasa masu kiɗa da ke ɗauke da batir mai faɗi irin na agogo, in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙoshi cikin 'yan sa'o'i. Yaron da aka kawo da laya ko sarƙa a wuya, ki roƙi uwar cikin ladabi a cire kafin barci.

Zannuwan goyo biyu ko uku da majanyi, waɗannan kam kina da su, kuma sun fi duk wani lilo da za a sayar miki. Ƙaramin dai ki riƙa duba shi, hancinsa a sarari, haɓarsa ba ta dunƙule a ƙirji ba, kuma ba a girki da goyon ɗan mutane. Kujerar cin abinci ta jira, wanda ya kai wata shida cinyarki ta ishe shi. Kyamara in iyaye suna so su haɗa kuɗi su saya. Abu na ƙarshe littafi ne mai bangon kwali: lambar uwa da uba da wani na uku, hoton katin rigakafi, ko yaron yana da sikila, lokacin da ya ci, lokacin da ya yi kashi, da lambar mai adaidaita sahu na unguwa da zai zo ko da tsakar rana ne. Ki kuma leƙa ma'aikatar da ke kula da harkokin mata da walwalar jama'a ki ji ƙa'idar rajista kafin ki kafa allo.

TAMBAYA: Hajiya, ina da yara uku da nake raino a Kano. Wani mai gwanjo ya kawo kaya 'yan waje masu kyau da araha: kujerar lilo mai kishingiɗa da jariri ke barci a ciki, gado mai gefe da ake saukewa, da keken koyon tafiya. Ya ce ko a Turai sai ɗan gata. In saya?

AMSA: Ƙanwata, ni ba na gaba da gwanjo, rabin kayan sanyin jikokina daga can suka fito. Amma ukun nan da kika lissafa, kamar kin zaɓo su ne daga jerin abin da aka kora daga ƙasashen da suka ƙera su.

Kujerar barci mai kishingiɗa ita ce mafi muni. A 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye irin tasa mai suna Rock 'n Play daga kasuwa, guda miliyan 4.7, bayan an danganta ta da mutuwar jarirai fiye da 30. A 2022 Amurka ta yi doka ta haramta sayar da irin waɗannan kujerun barci gaba ɗaya, tare da matashin da ake zagaye cikin gado da shi. Abin da ke faruwa shi ne, jariri wuyansa bai yi ƙwari ba, in ya yi barci a kishingiɗe sai kan ya rinjayo gaba, haɓa ta danne ƙirji, hanyar iska ta lanƙwashe. Ko kuma ya juya fuskarsa ta nutse a lallausan gefen. Miliyoyin da aka sayar ba duka aka mayar wa kamfani ba, kuma kin san inda kayan da Bature ya gaji da su suke ƙarewa. In har kina da irinta, ta zama ta zaman ɗan lokaci ido biyu, a ƙasa, kina kallo, da ya fara lumshe ido ki mayar da shi gado. Kujerar mota da iyaye ke kawo yaro a ciki ma haka, kada a bar shi ya ƙarasa barcinsa a cikinta don gudun kada ya farka.

Gado mai gefen da ke sauka an hana sayar da shi a Amurka tun 2011, domin maƙallan gefen kan saki, gibi ya buɗe, yaro ya maƙale tsakanin katifa da katako. Na gwanjo kuwa ya sha kwancewa da ɗaurawa, sau da yawa noti ya ɓace an maye shi da waya. In katakon mai kyau ne kuma tazarar sandunan ta yi daidai, kafinta na iya kafe gefen ya mutu gaba ɗaya, to wannan da sauƙi.

Keken koyon tafiya Kanada ta haramta shi tun 2004, har sayar da tsohonsa laifi ne a can. Ba ya koya wa yaro tafiya, yana dai ba shi gudu da tsayin da hankalinsa bai kai ba, sai ya isa ga filas ɗin shayi a kan tebur ko ya gangara dakali kafin ki juyo. Ke da ke da uku, idonki ba zai iya bin mai taya ba. Keken katakon nan namu mai ƙafa uku da yaro ke turawa yana tsaye da ƙafarsa ya fi shi, shi ma sai kina wurin.

Abin da za ki saya a gwanjo hankali kwance: tufafi, tawul, zannuwan gado, bahon wanka. Ki wanke da ruwan zafi ki shanya a rana. Katifa da kan fida kuwa sababbi.

TAMBAYA: Inna, ina yini. Ni malamar lakwal ce a Damagaram, ɗiyata wata huɗu, nono kaɗai take sha. Zan koma aiki, zan riƙa barin ta wajen wata maƙwabciya mai raino. Ba ta da firigo, wuta ma ba kullum ba. Yaya zan yi da nonon da na tatsa? Ko in koma madarar gwangwani?

AMSA: 'Yata, kada ki koma, matsalarki ƙarama ce. Kayan da kike bukata su ne 'yar kula mai rufuwa da kyau, ƙanƙara, kofuna masu murfi uku ko huɗu, da ƙaramin kofin shayarwa.

Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki, amma wannan lissafin na ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba ne. Ke da ni mun san Damagaram a bazara, inda ake haura 40, don haka kada ki dogara da shi. A cikin kula da ƙanƙara yana kai awa 24, a firji mai wuta tsayayya kwana 4. Ki tatsa da asuba, hannu wanke da sabulu, ki raba shi kofi-kofi daidai shan lokaci ɗaya, ki manna takarda da lokacin da aka tatsa, ki jera a kula. Ƙanƙarar leda da ake sayarwa a unguwa ta wadatar, a dai bar ta a ƙulle cikin ledarta. Mai raino ta ɗauki kofi ɗaya ta tsoma shi cikin kwanon ruwan ɗumi, ba a ɗora nono a wuta. Za ta ga ya rabu, maiƙo a sama ruwa a ƙasa, ki gaya mata tun yanzu cewa ba lalacewa ya yi ba, ta juya kofin a hankali zai haɗe. Na ga masu raino da yawa sun zubar da nono mai kyau saboda wannan. Abin da yarinya ta sha ta rage, in ya wuce awa 2 a zubar.

Na fi son kofi a kan fida, musamman inda ruwa ke da wuya, domin kofi ba shi da lungun da madara za ta maƙale. Ga yadda ake yi: a zaunar da yarinya a cinya a ɗan tashe, a tallafi ƙeyarta, a ɗora bakin kofin a kan leɓenta na ƙasa, a karkata shi har nonon ya taɓa leɓe, sai a tsaya. Za ki ga ta fara lasa da harshe, sannan ta kurɓa, ta huta, ta sake. Ba a zuba mata, ɗura ke nan, kuma ɗura ce ke sa shaƙewa. Ki fara koya mata tun mako biyu kafin ki koma aiki, kuma wani ya ba ta, domin in tana jin ƙamshinki ba za ta karɓi kofi ba.

Ki ja kunnen mai rainon a kan ruwa. Za ta ji tausayi ta ce zafi ya yi yawa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, har ta cika wata shida ba ta bukatar wani. Zuma kuwa sai ta shekara.

Tunda wasu masu rainon za su karanta, bari in ƙara da ta madarar gwangwani. Garin madarar jarirai ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, wato kada ya wuce rabin awa da saukewa, sannan a sanyaya kwalbar cikin ruwa a gwada a bayan hannu. Ko fiya wata ne a tafasa. Al'adar nan ta dama madarar yini guda da safe a ɗura a filas a miƙa wa mai raino, ita ce ke kai yara asibiti da gudawa. Tafasasshen ruwa zalla ake cika filas da shi, garin yana gwangwaninsa, a dama lokacin sha, ruwa farko sannan gari, cokali a shafe ba a tula ba. Na'urar dafa fida ba dole ba ce: tukunya guda mai murfi da ba a girki da ita, da burushin wanke kwalba, a wanke da sabulu a tafasa minti 10.

TAMBAYA: Hajiya, ni magidanci ne a Bauchi. Ɗana ɗan wata takwas kullum aka ɗauko shi daga gidan raino barci yake kamar an yi masa duka, da ƙyar yake kama nono. Ranar da na je da kaina na ga kwalaben magani a kan taga. Matar ta ce na haƙori ne da na mura. Wane magani ya halatta mai raino ta ajiye?

AMSA: Malam, Allah ya saka maka da ka je da kanka, iyaye maza kaɗan ne ke yi. Ba zan yanke wa matar hukunci daga nan ba, amma yaron da ke kasa kama nono don barci abin dubawa ne yau, ba gobe ba. Ka kai shi asibiti, ka ɗauki hoton kwalaben ka nuna wa likita, kuma kada a mayar da shi har sai an gane. Akwai masu ɗura wa yara maganin mura ko na ƙaiƙayi don su yi barci a samu sararin aiki. Wasu daga cikin irin waɗannan magunguna, kamar promethazine, an hana ba ɗan ƙasa da shekara biyu domin suna iya danne numfashi. Maganin haƙori kuwa, waɗanda suka manyanta za su tuna My Pikin a 2008, da aka samu gubar diethylene glycol a ciki, yara aƙalla 84 suka rasu a ƙasar nan kafin hukumar NAFDAC ta gama kwashe shi daga kasuwa. Fitar haƙori ba ta bukatar kwalba. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya ciza, ko a murza masa dasashi da wankakken yatsa.

Akwatin mai raino ga abin da ya kamata a samu a ciki, kuma a sama yake ko a kulle, ba a kan taga ba: ma'aunin zafin jiki na batir, fakitin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na gudawa, ƙwayar zinc ita ma ta gudawa, ruwan gishirin ɗiga wa hanci, auduga, filasta, bandeji, safar hannu, almakashi da tocila. Farasitamol na yara iyaye ne za su kawo da sirinjin awonsa da adadin da likita ya rubuta, kuma ba za ta ba shi ba sai ta kira waya, ta kuma rubuta lokacin a littafi. Asfirin ba na yara ba ne.

Abin da ya fi akwatin muhimmanci shi ne ta san lokacin da za ta rufe shi ta nemi abin hawa. Ɗan ƙasa da wata uku da zafinsa ya kai digiri 38, ko mai sikila da ya yi zazzaɓi ko nawa ne shekarunsa. Yaron da ya ƙi cin komai, ko yake amayar da duk abin da ya shiga, ko ya yi jijjiga, ko maɗigarsa ta faɗa. Wanda ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa in ya ja numfashi, ko numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya alhali yana tsakanin wata biyu da shekara. Ka tambaye ta kuma me za ta yi in abu ya sarƙe yaro. Amsar ita ce ta kifa shi a kan hannunta kai ƙasa-ƙasa, ta bubbuga tsakanin kafaɗunsa sau 5, in bai fito ba ta juya shi ta danna tsakiyar ƙirji sau 5, ta yi ta maimaitawa, ba ta zura yatsa tana lalube ba. Ƙungiyar Red Cross na koyar da wannan, ku iyayen yaran ku haɗa kuɗi ku tura duk wadda za ku ba amanar 'ya'yanku.

TAMBAYA: Anti, hunturu ya shigo Zariya da ƙarfi, ɗakin rainona sanyi kamar randa. Ko zan iya sa kaskon gawayi a kusurwa? Kuma sauro ya dame mu, an ce in yayyafa fiya-fiya da dare.

AMSA: A'a, 'yata, duka biyun. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, jarirai za su yi luf ki ɗauka barcin daɗi ne. Hayaƙin janareta ma irinta ce, don haka a kai shi can nesa da taga da ƙofa. Turaren wuta ki bari sai sun tafi, ƙirjinsu bai kai ba.

Ɗumi a jikin yaro ake sa shi: singileti, riga mai dogon hannu, rigar sanyi, wando da safa, wato ƙarin riga ɗaya a kan abin da ke kika sa kika ji daidai. Hula a cire in za a yi barci a ɗaki. Kada ki auna da tafin hannunsa, kullum da sanyi yake, ki zura hannu a ƙeyarsa ko ƙirjinsa, in kin ji gumi rage riga ɗaya. Labule mai kauri a taga, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a ƙara tabarma a kan leda. Fatar da ta bushe a shafa man kaɗe ko basilin, amma man zafi mai kafur kada ya kusanci hancin jariri.

Fiya-fiya maganin ƙwarin gona ne, ba na ɗaki ba, kuma yana zama a kan leda da tabarmar da mai rarrafe zai dafa da safe ya kai hannu baki. Ki gyara ragar taga, ki ɗinke hujin gidan sauro, ki zubar da ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye a bayan ɗaki. Gidan sauron in ya yi datti a wanke shi a hankali da sabulun wanki na sanda, ba da bilic ba, a shanya a inuwa don kada rana ta kashe maganin.